Yadda za ka samu manhajojin waya marasa leƙen asiri ta F-Droid da sauran rumbuna

Mafi yawan wayoyin da ke hannun jama'a a Katsina da Daura, Tecno ne ko Infinix ko itel, sai Samsung da Redmi jefi-jefi. Akasarinsu kuma tun a shago ake cika su. Mai shago zai karɓi sabuwar waya, ya haɗa ta da tasa ta Xender, kafin a gama ciniki ya turo tocila, manhajar lokutan salla, mai share datti, mai kunna bidiyo, wani lokaci har da GBWhatsApp. Mai waya ya sa a aljihu ya tafi. Bai san inda fayilolin suka fito ba, bai san hannu nawa suka bi ba, bai kuma san abin da suke aikawa waje ba.

Abin da ake aikawa kuwa ba na wasa ba ne. A watan Nuwamba na 2020 kafar labarai ta Motherboard ta ruwaito cewa bayanan wuraren da masu amfani da manhajar lokutan salla ta Muslim Pro suke zuwa suna isa ga wani kamfani mai suna X-Mode, wanda yake sayar da irin waɗannan bayanai ga 'yan kwangilar sojin Amurka. Masu Muslim Pro sun musanta sayar wa soja bayanai, amma sun yanke hulɗa da X-Mode bayan rahoton. A nan gida kuma, an sha ganin ta'asar manhajojin ba da bashi: su kwashe duk lambobin da ke wayar mutum, ranar da ya makara biya su tura wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cin mutunci. Sai da FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, ta tsoma baki a 2022, sannan a 2023 Google ta hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane.

Bayanin da ke tafe na masu Android ne kaɗai. Mai iPhone ba zai iya bin sa ba.

Wa ya gina manhajar, wa ya buga mata hatimi

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda masu ita suka baje rubutun da aka gina ta da shi a fili, duk mai ilimin abin ya karanta, ya gyara idan ya ga dama. Ba lallai kai ka iya karanta shi ba, amma akwai waɗanda suka iya kuma suna dubawa, shi ya sa cusa abin leƙen asiri a ciki yake da wuya. Kamar maganin da aka rubuta abin da ke cikinsa a jikin kwali ne, idan aka kwatanta da wanda aka ƙulla a leda ana tallarsa a tasha.

F-Droid rumbu ne da ba ya karɓar komai sai irin waɗannan manhajoji. Wani ɗan Ingila mai suna Ciaran Gultnieks ne ya kafa shi a 2010, kuma masu sa kai ne ke riƙe da shi har yau. Ba ya neman imel, ba ya neman lambar waya, ba a buɗe asusu. Manhajojinsa dubbai ne, ba miliyoyi irin na Play Store ba. Babban abin da ya bambanta shi: ba ya karɓar gamammen fayil daga hannun mai manhaja ya jera kawai. Yana ɗauko rubutun ne ya gina manhajar a kan injinansa, sannan ya buga mata hatiminsa. A wasu manhajojin, idan abin da ya gina ya fito daidai-wa-daida da wanda mai manhajar ya gina, sai ya bar hatimin mai ita.

Ka riƙe maganar hatimin nan da kyau, don yawancin matsalolin da za a zo kansu daga nan suke tasowa. Kowace manhajar Android tana ɗauke da hatimi na lantarki, kuma waya ba ta yarda a sabunta manhaja sai da fayil mai hatimi iri ɗaya da na farko. Wannan ne ke hana wani ya ɗora maka jabu a kan ta ainihi.

Kada kuma a rikita F-Droid da shafukan da ke raba manhajojin da aka fasa aka cire musu biyan kuɗi. GBWhatsApp da 'yan uwansa ba buɗaɗɗu ba ne. Wani ne da ba a san shi ba ya ɓarke WhatsApp ya ƙara abin da ya so ya buga nasa hatimin, duk saƙonninka suna bi ta hannunsa, ga shi kamfanin WhatsApp yana rufe lambobin masu amfani da su.

Shiri kafin a fara

Shiga saitin waya, ka gangara wajen "About phone", ka duba lambar Android ɗinka. Idan 12 ce ko sama, manhajojinka za su iya sabunta kansu ba tare da ka danna kowace ba. Idan ƙasa da haka ce, komai zai yi aiki, sai dai da hannu za ka riƙa amincewa da kowace sabuntawa.

Ka tanadi data kamar megabayit 200 don zaman farko, da sarari a waya aƙalla megabayit 500, da caji da ya wuce rabi. Ka nemi wurin da sabis yake da ƙarfi, domin saukar farko ita ce ta fi saurin yankewa. Ɗalibin da ke da hanyar samun Wi-Fi a makaranta gara ya yi a can.

Sauke F-Droid da girka shi

Mataki na 1. Buɗe burauza ka rubuta f-droid.org da hannunka a wajen adireshi. Kada ka bi mahaɗin da aka turo a guruf, kada ka nema a Play Store, domin ba ya can, kuma duk abin da ka gani da wannan suna a can ba shi ba ne. Idan a shago ake haɗa maka wayar, ka ce wa mai shagon, "Malam, wannan kada ka turo min, bari in sauke daga shafinsu a gabanka." Ba zargi ba ne. Shi ma yawanci daga wani ya karɓa.

Mataki na 2. Danna maɓallin saukewa da ke shafin farko. Chrome zai yi gargaɗi cewa fayil ɗin na iya cutarwa. Haka yake faɗa wa duk fayil mai ƙarewa da apk. Danna "Download anyway". Fayil ɗin ƙarami ne, bai kai megabayit 20 ba.

Mataki na 3. Buɗe fayil ɗin. Waya za ta ce ba a ba wannan burauza izinin girka manhajoji ba. Danna "Settings", kunna "Allow from this source", ka koma baya, ka danna "Install". Tun daga Android 8 ake ba da wannan izini ga kowace manhaja dabam-dabam, wanda ya fi na dā tsaro, inda maɓalli ɗaya ke buɗe wa kowa ƙofa. A Redmi za a sa ka jira daƙiƙa 10 kafin maɓallin amincewa ya kunnu. A sababbin Samsung akwai wani abu mai suna Auto Blocker a ƙarƙashin "Security and privacy" da ke hana girka komai daga wajen Play Store da Galaxy Store. Idan yana kunne babu abin da zai shiga, sai an kashe shi.

Play Protect, mai binciken manhajoji na Google da ke cikin wayar, shi ma na iya tsayar da kai. Karanta abin da ya rubuta. Idan cewa ya yi an gina manhajar don tsohon Android, danna "More details" ka ci gaba. Idan kuwa cewa ya yi fayil ɗin yana da cuta, ka tsaya, ka goge shi, ka sake duba adireshin da ka sauke daga ciki. Kada ka kashe Play Protect gaba ɗaya, yana da amfaninsa.

Mataki na 4, wanda aka fi mantawa. Da zarar F-Droid ya zauna, koma saiti, nemi "Install unknown apps", ka kashe izinin da ka ba Chrome. Yayin da kake nan, duba sauran jerin. Idan ka ga WhatsApp ko Xender ko mai sarrafa fayil suna da wannan izini, kashe su duka. F-Droid kaɗai zai riƙe shi, kuma zai nema da kansa lokacin da ka zo girka manhaja ta farko.

Mataki na 5. Buɗe F-Droid. Zai fito fanko, yana sauke jerin manhajoji. Ba lalacewa ya yi ba. Bar shi a buɗe, kada ka kulle allo, har hotuna su fara bayyana. Idan ya tsaya cak, sa yatsa ka jawo allon ƙasa don ya sake gwadawa. Idan ya ci gaba da gazawa, shiga "Settings", "Repositories", danna F-Droid. Za ka ga jerin madubai, wato wasu injina a ƙasashe dabam-dabam da ke riƙe da kwafin rumbun. Kashe wanda ke ba da matsala ka bar sauran. A wannan shafin ne kuma za ka ga dogon layin haruffa da lambobi na hatimin rumbun. Na gaskiya yana farawa da 43238D51, ya ƙare da C9CCAB.

Mai Android 12 zuwa sama zai iya nemo F-Droid Basic daga cikin rumbun. Ya fi sauƙi, sai dai ba shi da sashen tura manhaja ga na kusa, wanda za a zo kansa.

Ka daidaita cin data tun yanzu

A cikin saitin F-Droid akwai majanya biyu, "Over Wi-Fi" da "Over data". Mai sayen data na mako ya sa ta biyun a tsakiya, inda ba za a sauke komai ba sai ya danna da kansa. Kada ka kai ta ƙarshen da ke hana data gaba ɗaya idan ba ka da Wi-Fi, domin jerin ba zai taɓa sabuntuwa ba, za ka zauna da tsofaffin manhajoji ba ka sani ba. Duba sabuntawa sau ɗaya a mako ya wadatar, a lokacin garaɓasar data ta dare idan layinka na da ita.

Yadda ake karanta shafin manhaja kafin a girka

Nan ne ainihin amfanin rumbun yake, kuma nan ne mutane ke sauri. Kasancewar manhaja a F-Droid ba ya nufin ba ta da aibi. Yana nufin an rubuta aibin a fili.

Ɗauki NewPipe, manhajar kallon bidiyon YouTube. Idan ka buɗe shafinta, kusa da bayaninta za ka ga gargaɗi cewa tana da abin da ƙila ba za ka so ba. Danna shi. Zai gaya maka ta dogara ne da wani sabis na intanet da ba buɗaɗɗe ba, wato YouTube kansa. Ma'ana: manhajar ba ta neman asusun Google, ba ta saka talla, amma har yanzu injinan YouTube suna ganin adireshin intanet ɗin da kake kallo daga ciki. Wannan gargaɗi ne da za a iya zama da shi. Wanda ya ce "Tracking", wato bin sawu, ko "Known Vulnerability", wato akwai sananniyar ɓaraka ta tsaro, shi ne za ka juya ka nemi wata. Ana iya ɓoye masu irin waɗannan alamomi baki ɗaya daga saiti.

Sai ka gangara wajen "Versions". Duba ranar fitowar ta ƙarshe. Ga kalkuleta ko tocila, shekara biyu babu sabuntawa ba komai ba ne. Ga burauza, manhajar saƙo ko ta ajiye kalmomin sirri, wata shida shiru alama ce ta an yi watsi da ita. Girka wadda aka yi wa alamar "Suggested", kada ka ɗauki ta gwaji don kawai ta fi sabunta.

Na uku, izini. Auna abin da manhajar ke nema da aikin da take yi. Mai karanta lambar QR tana buƙatar kyamara, ba ta buƙatar lambobin wayarka. Allon rubutu ba ya buƙatar intanet. Manhajar da ba ta da izinin intanet ba ta da hanyar aika komai waje da kanta, kuma wannan ya fi kowane alkawari da aka rubuta a takardar sirri ƙarfi.

Don ka ga bambanci da idonka, girka Exodus daga F-Droid. Wata ƙungiyar sa kai ce a Faransa ke bincika manhajojin Play Store tana lissafa masu bin sawun da aka saka a kowace. Manhajar za ta jera abin da ke wayarka da adadin na kowace ɗaya. Fara da waɗanda aka turo maka a shago.

Abin da ya kamata a fara musanyawa

Kada ka goge komai a rana ɗaya. Musanya ɗaya, yi mako da ita, sannan ka cire tsohuwar.

Lokutan salla ne kan gaba, tunda manhajar na tare da kai dare da rana kuma yawancinsu suna neman sanin inda kake. Al-Azan ba ta da talla, ba ta da masu bin sawu, kuma tana aiki babu data, domin lissafin lokaci ba ya buƙatar komai sai wuri da kwanan wata. Za ka iya shigar da wurin da hannu: Katsina tana kusan 12.99 arewa, 7.60 gabas, Daura kusan 13.03 arewa, 8.32 gabas. Wajen hanyar lissafi, ta Muslim World League tana ɗaukar asuba a digiri 18 da isha a 17, ta Masar kuma 19.5 da 17.5, don haka asubar ta Masar takan riga da 'yan mintuna. Zaɓi wadda ta fi kusa da jadawalin masallacin unguwarku, ka cike ragowar da ƙarin minti ko ragi. Wajen la'asar kada ka zaɓi Hanafi, lissafin Malikiyya ɗaya yake da na Shafi'iyya. Kwanan watan Hijira kuma ka daidaita shi da sanarwar Sarkin Musulmi, domin na lissafi yakan saɓa da kwana ɗaya.

Maimakon Xender, LocalSend. Wayoyin biyu su hau Wi-Fi ɗaya, ko ɗaya ta kunna hotspot ɗayar ta hau, ba sai da data ba. Tana aiki da kwamfuta da iPhone ma. Idan ba su ga juna ba, duba ko akwai VPN a kunne, shi ne ya fi hanawa.

Hotuna, fayiloli, kalanda da lambobi: dangin Fossify. Tarihinsu darasi ne. Asalinsu Simple Mobile Tools ne, waɗanda aka sayar wa kamfanin ZipoApps a ƙarshen 2023. Da yake rubutun a buɗe yake, masu sa kai suka ɗauka suka ci gaba da sabon suna. Wanda yake da na "Simple" daga Play Store gara ya koma Fossify.

Taswira: Organic Maps. Sauke taswirar arewacin Najeriya sau ɗaya, daga nan GPS kaɗai take buƙata, ko a hanyar Daura ko Jibiya inda sabis ke ɗaukewa. Mutanen jihar nan sun san darajar abin da ke aiki babu netwok tun 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a wasu ƙananan hukumomi irin su Jibiya, Batsari da Faskari. Sai dai taswirar daga OpenStreetMap take, masu sa kai ne ke zana ta, don haka manyan tituna suna nan amma sunayen shaguna da lungunan cikin gari ba su kai na Google cika ba.

Burauza: Fennec, wato Firefox da F-Droid ya gina, ka ƙara masa uBlock Origin. Toshe talla yana rage cin data sosai. Bidiyo da sauti: VLC. Lambar QR: Binary Eye. Lambobin tabbatarwa na mataki biyu: Aegis, amma ranar da ka girka shi ka fitar da ajiya mai kalmar sirri ka adana a wani wuri ban da wayar. Idan aka sace waya babu wannan ajiya, lambobin sun tafi.

Allon rubutu: HeliBoard ba shi da izinin intanet sam, kuma yana ba da damar tsara jerin haruffa yadda kake so. Kafin ka kashe Gboard, allon rubutu na Google, tabbatar ka daidaita HeliBoard yana fitar maka da ƙ, ɗ da ɓ.

Ga manhajojin da ba za ka iya rabuwa da su ba, NetGuard yana ba ka damar hana kowace ɗaya shiga intanet. Yana amfani da gurbin VPN na waya, kuma gurbin ɗaya ne tak, don haka ba zai yi aiki tare da wani VPN ba. Kada ka toshe Google Play services da shi, in ba haka ba saƙonnin WhatsApp da na banki za su riƙa makara.

Abubuwan da ke lalacewa, da dalilinsu

"App not installed", ko saƙon da ke cewa manhajar ta ci karo da wadda ke wayar. Hatimi ne. Kana da VLC na Play Store, kana ƙoƙarin ɗora na F-Droid a kai, hatiman sun bambanta. Maganinsa: fitar da bayananka daga tsohuwar idan tana da wajen ajiya, goge ta, girka sabuwar, mayar da bayanan. Daga nan ka tsaya a rumbu ɗaya ga wannan manhaja. Idan aka bi wannan ƙa'ida, kowace manhaja da tushenta guda, matsalar ba ta dawowa.

Irin wannan saƙo yana fitowa kuma idan ka sauke fayil daga shafin intanet maimakon cikin F-Droid. Manyan manhajoji suna da fayil dabam ga kowane irin injin waya, arm64-v8a da armeabi-v7a. Ƙananan wayoyi masu Android Go, irin itel da yawa, na biyun suke ɗauka. Manhajar F-Droid ta san wanda ya dace da wayarka, shi ya sa ake girkawa daga cikinta. Abin da aka sauke ta burauza ma ba ya sanar da kai sabuntawa idan babu F-Droid a wayar.

Kiran salla bai tashi ba, ko saƙo bai shigo ba sai an buɗe manhajar. Wannan ce matsalar da ta fi sa mutane komawa gidan jiya, kuma ba laifin manhajar ba ne. Manhajojin Play Store suna karɓar sanarwa ta hanyar sabis ɗin Google. Na F-Droid ba sa ɗauke da shi, dole su zauna a farke da kansu, su kuwa Tecno, Infinix da itel suna kashe duk abin da ke aiki a ɓoye don tattalin batir. Gyara huɗu ne, kuma sai an yi dukansu. Shiga bayanin manhajar a saiti, wajen batir, ka cire mata takunkumi. Buɗe Phone Master ko saitin manhajoji, nemi "Auto-start", ka kunna mata. Buɗe jerin manhajojin da ka yi amfani da su kwanan nan, ka kulle ta da alamar kwaɗo don kada sharewa ta tafi da ita. Sannan ka tabbatar an ba ta izinin "Alarms & reminders" a Android 12 zuwa sama, da izinin sanarwa a Android 13 zuwa sama. Gwada da azahar ko la'asar, lokacin da kake farke, kafin ka dogara da ita ga asuba. Ka kuma sani cewa yanayin tsananin tattalin batir, wanda ake kunnawa idan wuta ta daɗe ba ta zo ba, yana soke duk waɗannan.

NewPipe ya daina buɗe bidiyo. YouTube ne ya canza wani abu a ɓangarensa. Masu NewPipe sukan gyara da wuri, amma F-Droid yana ɗaukar 'yan kwanaki kafin ya gina ya fitar. Wannan jinkiri shi ne farashin gina komai daga tushe. Wanda ba zai iya jira ba ya ƙara rumbun masu NewPipe na kansu, adireshinsa yana shafinsu newpipe.net. Ya fitar da ajiyar tashoshinsa tukuna, saboda maganar hatimi.

"Restricted setting". Daga Android 13, waya tana hana manhajar da aka girka daga fayil samun izini masu haɗari, kamar karanta sanarwa ko sarrafa allo. Ana buɗewa daga ɗigo uku da ke saman shafin bayanin manhajar. Kafin ka buɗe, tambayi kanka me ya sa take nema, domin ta wannan izini ne manhajojin sata ke karanta lambar OTP ta banki.

Sauran rumbuna, da matsayin kowanne

IzzyOnDroid ƙarin rumbu ne da ake sakawa cikin F-Droid. Buɗe apt.izzysoft.de/fdroid a wata waya ko kwamfuta, a taka kuma shiga "Repositories", danna alamar ƙari, ka ɗauki lambar QR ɗin. Shi yana ɗaukar fayil ɗin da mai manhaja ya gina ne ya bincika, don haka sabuntawa ta fi sauri, kuma akwai manhajojin da babu a babban rumbu. Bayan shi da na Guardian Project, ƙungiyar da ke gina manhajojin tsare sirri, kada ka ƙara rumbun da ba daga shafin masu manhajar ka samo ba. Duk rumbun da ka ƙara, ka ba mai shi hanyar shigo da manhaja wayarka ne.

Obtainium yana ɗauko manhaja kai tsaye daga shafin mai ita a GitHub, GitLab ko Codeberg, wuraren da masu manhaja ke ajiye rubutunsu. Ka liƙa adireshin, shi ya riƙa duba sabuntawa. Babu mai tantancewa a tsakani, don haka na wanda ya san abin da yake yi ne. Harafi ɗaya ya kuskure a adireshin, kana iya faɗawa kan kwafin wani.

Aurora Store ƙofa ce ta shiga Play Store ba tare da asusun Google naka ba. Zaɓi "Anonymous", kada ka shigar da asusunka na gaske, domin ya saɓa wa sharuɗɗan Google kuma ana iya rufe shi. Asusun aron na mutane da yawa ne, yakan cushe, sai a jira a sake gwadawa. Abin lura: manhajar da ka sauke ta Aurora ita ce dai ta Play Store, da duk masu bin sawunta. Abin da ka ɓoye shi ne wanda ya sauke, ba abin da manhajar za ta yi ba.

Signal ba ya cikin babban rumbun F-Droid. Ana samunsa a Play Store ko a shafinsu signal.org.

Manhajojin kuɗi kuwa, na banki, OPay, PalmPay, Moniepoint, daga Play Store kaɗai, ka kuma bar su suna sabuntuwa a can. Girka F-Droid ba ya taɓa su, tunda ba a fasa wayar ba. Duk wanda ya turo maka fayil ɗin manhajar banki ta WhatsApp, ko da sunan sabuntawa ne, goge shi.

Tura wa na kusa babu data

A cikakken F-Droid akwai sashen "Nearby". Idan kana haɗa wa Baba ko Hajiya waya a ƙauyen da sabis ba shi da ƙarfi, kunna shi a wayarka, zaɓi manhajojin da za ka bayar, ɗayar wayar ta ɗauki lambar QR ta Wi-Fi ko ta haɗu ta Bluetooth. Har F-Droid ɗin kansa ana iya turawa haka. Wi-Fi ya fi sauri nesa ba kusa ba. Tunda hatimin F-Droid ke jikin manhajojin, ranar da wayar ta samu data za ta ci gaba da sabunta su daga babban rumbu. Kafin ka miƙa wayar, yi mata gyaran batir ɗin nan huɗu, ka kuma kashe izinin girkawa ga komai sai F-Droid.

Akwai canjin da ke tafe. A watan Agusta na 2025 Google ta sanar cewa wayoyin Android masu tambarinta za su fara buƙatar duk mai manhaja ya yi rajista da ita da shaidarsa, ko da ba ta Play Store ake raba manhajar ba. An tsara farawa a Satumba 2026 a Brazil, Indonesiya, Singafo da Tailan, sauran duniya daga 2027. Masu F-Droid sun fito fili sun ce dokar barazana ce ga rumbun, domin da yawa daga masu rubuta manhajojinsa ba za su miƙa takardunsu ga Google ba. A watan Nuwamba na 2025 Google ta ce za ta bar wata hanya ga masu ƙwarewa su girka abin da ba a yi wa rajista ba bayan gargaɗi. Najeriya ba ta cikin ƙasashen farko. Sashen labarai na f-droid.org yana fitar da bayani kowane mako, a can za a ga yadda matakan girkawa suka canza idan dokar ta iso.